Yusra Ba Ta Yi Rashin Kunya Ba

Gudu, Abuja,
9 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Yaya Datti,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Kumasi, kai da Yaya Mashkura da yara baki ɗaya. Allah Ya sa albarka a kasuwarka, Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar da kake fama da shi, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu ma nan sai godiya. Ruwa ya sauka, zafin da ya addabe mu ya lafa. Inna ta zo daga Zariya ta yi mana kwana goma sha biyu, an wanke mata idon hagu, yanzu har zare take zurawa a allura da kanta, tana yi mana dariya mu masu tabarau. Yarana kuwa, Zakiyyu ya koma makaranta. Mufida kuma ta fara koyon ɗinki a wajen wata mata a bayan kasuwar Gudu, ta riga ta lalata mini atamfa guda, amma hannunta na faɗawa.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne domin sau biyu muna waya kana katse ni tun ban kai tsakiyar magana ba. Takarda ba a katse ta. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe, in ya so sai ka yanke hukuncin da ka ga dama a kan 'yarka. Kuma ka yi mini afuwa idan harshena ya yi kaifi, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba, kana cikin waɗanda suka ɓata shi. Ɗan'uwanmu Nazir ya kira ka ya ce an kori Yusra daga makarantar jinya saboda ta yi wa matar wani babban soja rashin kunya, ta rufe mata ƙofa a fuska. Shi kuma a ina ya ji? A Dei-Dei, a bakin wani mai kai siminti bariki. Wato maganar da ta bi ta bakin mai siminti ta faɗa shagon Nazir ita ka ɗauka, ka bar ni da nake koyarwa a makarantar, yarinyar kuma take kwana a ɗakina shekara uku. Ai ko alƙali ba ya yanke shari'a da jin ɓangare guda.

Bari in fara da abin da ya kai ta barikin. Ka san shekara huɗu na yi ina naci kafin makarantarmu ta yarda a riƙa tura ɗaliban ajin ƙarshe asibitin bariki su yi mako shida suna koyon aiki. Mutane na ganin jinya jinya ce, allura allura ce, ko a ina. Ba haka ba ne. Bariki gari ne mai zaman kansa. Akwai matar da mijinta ya yi wata goma sha takwas a fagen daga, wayarta na ƙara gabanta na faɗuwa, ta zo maka da ciwon ciki wanda awo ba ya nunawa. Akwai yaron da aka sauya wa makaranta sau biyar saboda canjin wurin aikin ubansa. Akwai sojan da ƙarar bindiga ta kashe wa kunne, ana ce masa mai taurin kai alhali ba ya ji ne. Mafi wuya kuma, soja ba ya cewa yana jin ciwo, don an horar da shi cewa raki na ragwaye ne. Ka tambaye shi ya jiki, sai ya ƙame ya ce ba komai, Ma. Don haka nake koya wa ɗalibaina su tambayi mutum daga ina ya dawo, yaya barcinsa, wa yake da shi a gida, kuma idan suka ga alama, su tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin raba kansa da duniya. In ya ce e, ba a barinsa shi kaɗai ko na minti guda sai likita ya karɓe shi. Ina kuma gaya musu cewa a asibiti ciwo ne ke tsara layi, ba anini ko igiya ba, kuma su riƙe bakinsu, domin maganar da aka yi a ɗakin awo da hantsi kafin azahar ta zaga kasuwar mami ta bariki.

Ba a littafi kaɗai na samo wannan ba, kai ma shaida ne. Ka tuna yadda marigayi Badaruddeen ya dawo mini daga Darfur. Kai da bakinka ka ce mijin naki ya zama kurma ko me. Mutumin da yake cika gida da barkwanci ya koma ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa, murfin tukunya ya faɗi sai ka ga gumi ya karyo masa. Shekara huɗu yana zuwa asibiti da ciwon kai, ana ba shi farasitamol yana dawowa, babu wanda ya taɓa ce masa zauna, me ka gani a can? Ni da nake nas a cikin gidansa ban san in tambaya ba, don ba a koya mana ba. Har hawan jini ya kwantar da shi, Allah Ya karɓi abinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yi alkawari duk yarinyar da ta bi ta hannuna ba za ta fita da irin jahilcina ba.

To, ranar Talata ta mako na huɗu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Yusra na ɗakin awo sai aka shigo da wani kofur mai suna Thaddeus, direban mota ne a rundunarsu. Matarsa Azumi ce ta taso shi gaba, ta bar shi a layi ta koma wajen tuyar ƙosanta. Yusra ta duba katinsa ta ga zuwansa na huɗu ke nan cikin wata biyu, kullum ciwon kai, kullum magani iri ɗaya. Sai ta ajiye abin awon, ta ja kujera ta zauna ta ɓangaren kunnensa mai ji, ta tambaye shi daga ina ya dawo. Da farko ya ce ba komai. Ta jira shi. Can sai ya buɗe baki. Ashe shi ne yake tuƙa motar da ta taka nakiya a Arewa maso Gabas, mutum huɗu suka mutu, shi ya fito da kunne guda kawai a mace. Matar ɗaya daga cikin mamatan, wani abokinsa Sale, ƙofa biyu ce tsakaninta da su a layin gidajen bariki, kullum da safe sai ta gaishe shi, 'ya'yanta suna kiransa Baba Direba, ga shi an ba ta wa'adin tashi daga gidan. Ya ce gaisuwar nan ta fi masa zagi ciwo. Da Yusra ta yi masa tambayar da na koya musu, ya dube ta ya ce e, ya riga ya ba ƙanensa babur ɗinsa, ya zo asibiti ne don Azumi ta ƙyale shi, kuma bai yi niyyar ganin wayewar gari ba.

Yarinyar nan mai shekara ashirin da biyu ba ta firgita ba. Ta leƙa ta kira abokiyar karatunta ta ce ta ruga ta nemo likitan, Manjo George, ta gaya masa ana nemansa da gaggawa. Shi kuma yana can wani ɓangare yana ɗinke wa wani yaro rauni. Yusra ta koma ta zauna da kofur tana jan sa da magana. A daidai wannan lokaci matar wani kanar ta iso a duba mata hawan jini. Ba zan faɗi sunanta ba, Madam kowa ke ce mata. Ba ta bin layi, kuma a makon da ya wuce Yusra ce ta auna ta, ta yaba da hannunta, don haka ta ce ita take so. Aka aiko odalinta, wato sojan da ke yi mata hidima, ya ƙwanƙwasa, Yusra ta ce a ba Madam haƙuri, ga wata ɗaliba nan za ta auna ta. Babbar sista ta zo da kanta ta ce ta fito mana, minti biyu ne, kofur ai ba gudu zai yi ba. Yusra ta raɗa mata cewa mara lafiyar nan ba irin wanda ake bari shi kaɗai ba ne. Maimakon sista ta fahimta, ko ta zauna a madadinta, sai ta koma ta ce wa Madam yarinyar ta ƙi.

Sai ga Madam da kanta ta turo ƙofa, mutanen layi duk suna kallo, tana tambaya ko yarinyar ta san matar wa ta shanya a waje saboda mai igiya biyu. Kofur Thaddeus ya miƙe zumbur ya ƙame, ya ɗauki hularsa, ya ce a yi haƙuri, shi ya gama, tafiya zai yi. Yaya, ka tsaya ka yi tunanin inda zai tafi. Yusra ta sha gabansa, ta ce masa ya zauna, ba ta sallame shi ba. Ta juya ta rusuna ta ce wa Madam ta yi mata afuwa, ba za ta iya fitowa yanzu ba, kuma ba za ta iya faɗin dalili ba. Sannan ta mayar da ƙofa ta rufe. Wannan ita ce ƙofar da aka ce ta rufe a fuskar mutane. Ta jingina da ita har minti arba'in kafin Manjo George ya zo ya karɓi mutumin ya kwantar da shi.

Kwana biyu ba a yi ba takardar ƙorafi ta iso makaranta. Na zaci shugabarmu, wadda ta yi shekara talatin tana sa farar riga, za ta fara tambayar wane ne mara lafiyar kuma yaya ya kwana. Ina! Abin da ta ce mini shi ne mu baƙi ne a bariki, baƙo kuwa raɓa ne, bai kamata mu ja da masu gida ba. Ta ce Yusra ta rubuta takardar neman gafara ta amsa cewa girman kai ne ya sa ta ƙi aiki ba tare da wani dalili ba. Yusra ta ce za ta ba Madam haƙuri a kan ɓacin ran da ta ji, ko a gaban kowa ne, amma ba za ta sa hannu a kan cewa babu dalili ba, don ƙarya ce. Aka kafa kwamitin ladabtarwa, har da wani kyaftin daga ofishin mijin Madam a ciki, ni kuma aka ce in zauna a waje tunda 'yata ce. Suka ce ta faɗi ciwon da ya fi na Madam. Ta ce mara lafiya ne da ke cikin haɗari, sauran bayani yana wajen likita. Suka ce su ma ai ma'aikatan lafiya ne. Ta dubi kyaftin ɗin, ta ƙi faɗa. Duk wanda yake layi a ranar ya san wa ke cikin ɗakin, faɗin ciwon daidai yake da kiran sunansa a gaban shugabanninsa. Manjo George ya aiko da 'yar takarda cewa ɗalibar ta yi abin da ya dace, shi ma bai faɗi ciwon ba, suka ce takardar ba ta da bayani, suka ture ta gefe. Aka dakatar da ita zango guda, wato jarrabawar ƙarshe ta wuce ta ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mu muka tsayar da yaran nan a gaban iyayensu muka sa suka yi rantsuwar riƙe sirrin mara lafiya. Mu muka ba su maki a jarrabawa don sun rubuta cewa ba a barin irin wannan mutum shi kaɗai. Ranar da guda ɗaya ta aikata abin da ta rubuta, mu ɗin dai muka hukunta ta. Me sauran talatin da bakwai ɗin suka koya? Sun koyi cewa abin da ke cikin littafi na jarrabawa ne, a wurin aiki kuwa oga ake kallo. Na faɗi haka a taron malamai, aka ce mini son kai ne don jinina ce. Wallahi da 'yar wani ce ma da na fi haka ɗaga murya.

Mako uku ta yi a gida. Ko ni da na tambaye ta ba ta gaya mini komai ba, ta ce Gwaggo, ki yi haƙuri, ba maganata ba ce. Na gane da kaina, ban sake tambayarta ba. Ta rame, amma tana tashi ta yi shara ta buɗe littattafanta, ban ga hawayenta ba ko sau ɗaya. Ranar da na ga kukanta ita ce ranar da ka kira ta. Ina kicin ina jin muryarka ta wayar, kana cewa ta zubar maka da mutunci, ba tarbiyyar da ka ba ta ke nan ba, ta haɗa kayanta ta taho Kumasi, karatun ya isa haka. Ba ka tambaye ta me ya faru ba. Tana ta cewa to Baba, to Baba, har ka kashe. Ta shiga ɗaki ta kifa kai a kan katifa tana kuka kamar ranta zai fita. Madam ba ta san halinta ba, shugabarmu tsoro ne ya ci ta, amma kai fa, Yaya? Kai ka haife ta. Ka taɓa jin yarinyar nan ta ɗaga wa babba murya?

Yadda gaskiya ta fito kuwa ba ta hannunmu ba ne. Azumi ce ta ji a wajen tuyarta cewa an kori ɗalibar da ta zauna da mijinta. Ta gaya masa, lokacin an sallame shi yana zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa duk mako. Ranar da kwamiti ya zauna sauraron ƙarar da na ɗaukaka, sai ga su su biyu a ƙofar ofis, shi cikin kaki a goge, ita da zanenta mai ƙanshin mai. Ba wanda ya gayyace su. Ya sara wa kyaftin, ya nemi izinin magana, ya yi ta da Hausarsa ta bariki wadda ba ta raba mace da namiji. Ya ce yarinyar nan shi ne ya hana shi fita, da ya bar shi ya fita da yanzu Azumi yana zaman makoki, yara uku ba uba. Ya faɗi komai, har abin da ya yi niyya, bai rage ba. Ya ce in laifi ne a rufe ƙofa, to a rubuta laifin a kansa. Azumi kuma ta ce ita ba ta yi boko ba, amma tana so a gaya mata awon jinin wa aka fasa har ya mutu a ranar.

Kada ka ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. An karɓe motar daga hannunsa an mayar da shi sito, kuma akwai waɗanda suke nuna shi da baki suna cewa ya taɓu. Ya san haka za ta faru tun kafin ya zo, abin da Yusra ta yi ta gudar masa ke nan. Da muka fito na gaya masa bai kamata ya tona kansa ba. Ya ce Mama, wanda ya tsaya maka ba ka barinsa a daji. Da ya ji daga bakin Mufida cewa kana shirin cire ta daga makaranta, shi ya ce lalle in rubuta maka labarin duka da sunansa. Ba don haka ba da ko kai ba za ka ji shi daga gare ni ba.

An janye dakatarwar, ta koma aji ranar Litinin, za ta zauna jarrabawa da 'yan ajinsu in Allah Ya yarda. Amma kada ka zaci an yi adalci. Sun bar mata takardar gargaɗi a fayil, wai a kan salon rufe ƙofa. Babu wanda ya ce mata yi haƙuri, balle sannu da ƙoƙari. Babbar sistar nan tana nan a kujerarta. Sannan a makon jiya shugabarmu ta sanar cewa daga baɗi an soke zuwa bariki gaba ɗaya, wai don a kauce wa matsala. Ka ji fa. An ceci ran mutum, abin da makaranta ta fahimta shi ne kada a sake tura wanda zai ceci wani. Na rubuta takardar ƙin amincewa, malamai shida sun sa hannu, Manjo George ma ya ce zai rubuto tasa. Ban san yadda za ta kaya ba, amma ba zan yi shiru ba ko da kujerata za ta tafi.

Saura kai. Yusra 'yarka ce, ba ni da ikon hana ka ita, kuma ta riga ta gaya mini in ka dage za ta bi umarninka. Akwatinta na nan a bayan ƙofa, rabi a haɗe. Amma ka sani ni ba zan kai ta tashar Utako in sa ta a mota ba, kuma ba zan ba Nazir ita ya kawo maka ba. In ɗaukarta za ka yi, ka zo da ƙafarka. Idan ka zo, kafin ka taɓa akwatin, zan kai ka bariki wajen tuyar Azumi, ka tsaya a gabanta da 'ya'yanta uku ka maimaita mata cewa 'yarka ta zubar maka da mutunci. In bakinka ya iya faɗa, ni da kaina zan ɗora maka kayan a ka. In kuwa ka ga ba za ka iya ba, to wayarta na hannunta, ba ta sauya lamba ba, kuma bayan la'asar take dawowa daga makaranta.

Ka gaishe mini da Yaya Mashkura, ka ba ta ta karanta, don na san ita ma ba ta samun sukuni. Ka gaida Audi da amaryarsa, da su Hajiya ta gidan ƙasa, da duk 'yan uwa na Zango. Inna ta ce in gaya maka goron da ka aiko ya iso, kuma tana jiran muryarka. Zakiyyu da Mufida suna gaishe ka. Yusra ba ta san na rubuto ba, amma na tabbata da ta sani da gaisuwarta ce a gaba. Allah Ya huci zuciyarka da tawa, Ya bar zumunci, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Rabi'atu.